Ra'ayinmu: GBC ta fito wa jama'a da tsofaffin shirye-shiryenta tun kaset bai ruɓe ba

A ranar 31 ga watan Yulin 2025 ne Hukumar Watsa Labarai ta Gana, wato GBC, ta cika shekara 90 da kafuwa, kuma a wannan ranar ce gidan talabijin ɗinta ya cika shekara 60 cif. Idan ba a manta ba, a shekarar 1935 ne Gwamna Arnold Hodson ya buɗe tashar rediyon da aka laƙaba wa suna ZOY a birnin Akra, wanda iyayenmu ke kira Ankara, sannan bayan shekara 30 marigayi Kwame Nkrumah ya ƙaddamar da talabijin a 1965, inda ya ɗora uwargida Shirley Graham Du Bois a kan shugabancinsa. Nkrumah ya faɗa tun a lokacin cewa don ilimantar da jama'a aka kawo wannan akwati. To, shekara 60 ba kwana 60 ba ce, don haka wannan jarida take ganin lokaci ya yi da za a tambayi hukumar: ina abubuwan da aka ɗauka a tsawon waɗannan shekaru, kuma yaushe ne talakan da aka yi su da kuɗinsa zai samu ya saka su a ɗakinsa ya kalla tare da 'ya'yansa?

Duk wanda ya tashi a Nima ko Mamobi ko Sabon Zango a shekarun 1970 da 1980 ya san matsayin talabijin a wancan zamani. A babban gida mai ɗakuna ashirin, da wuya ka samu akwati fiye da guda, shi ma baƙi da fari, domin sai a 1985 aka fara watsa hoto mai launi. Da magariba ta yi sai mai akwatin ya fito da shi tsakar gida ko ya ɗora a taga, yara su shimfiɗa tabarma, mata su jawo kujeru 'yan tsugunno, maƙwabta su tsaya daga bakin ƙofa. Tasha ɗaya ce tak a ƙasar har zuwa tsakiyar shekarun 1990, saboda haka abin da mutumin Nima ya kalla da dare shi mutumin Kumashi da na Aflao ya kalla, kuma shi za a tattauna da safe a wurin mai koko da ƙosai. Wasan Osofo Dadzie da ya fara a 1972, tare da su Super OD da S.K. Oppong; Obra na su Maame Dokono da David Dontoh; tatsuniyoyin By the Fireside; shirin yara na Kyekyekule; Inspector Bediako; daga baya kuma Concert Party na su Bob Okala da Nkomode da Santo. Yawancinsu da harshen Akan ko Turanci aka yi su, amma ɗan zango mai harshe uku ko huɗu a baki bai taɓa buƙatar tafinta ba. Bugu da ƙari, Hausa na cikin harsuna shida na gida da GBC ta daɗe tana aiki da su, tare da Akan da Ga da Ewe da Nzema da Dagbani, kuma an yi labarai da shirye-shiryen wayar da kai da Hausarmu ta nan.

A kan wannan ɓangare na Hausa muka fi so mu tsaya. Hausar zango tana da nata ɗanɗano da ya bambanta da na Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, kuma littattafan da aka rubuta da ita ba su da yawa. Wurin da aka fi ajiye muryarta shi ne faifai da kaset. Dattijon da ya yi bayani a gaban kyamara shekara 40 da suka wuce a kan tsabtar unguwa ko rigakafin yara ko yadda ake shirin aikin hajji, ya bar mana irin kalmomin da ake amfani da su a lokacin, da irin rigarsa da hularsa, da yadda ake gaisuwa. Haka nan hotunan sallar idi, da naɗin sarakunan zango, da tashin alhazai daga filin jirgin Akra, da sallar farko da aka yi bayan gwamnatin Rawlings ta mai da ranakun idi ranakun hutu a faɗin ƙasa, da shekarun farko na Sheikh Usman Nuhu Sharubutu a matsayin Babban Limamin Ƙasa, muƙamin da ya hau a 1993. Kada kuma a manta da ƙwallo. Yaron Nima da ke bugun ƙirji da Mohammed Kudus a yau, jin labarin Mohammed Polo kawai yake yi a bakin manya, kamar yadda yake jin na Abdul Razak da ya zama gwarzon Afirka a 1978, shekarar da Gana ta ɗauki kofin nahiyar a Akra bayan ta doke Yuganda da ci 2 da nema. Idan akwai sauran waɗannan hotuna a ma'ajiyar Kanda, to kuwa tsakanin ma'ajiyar da yaron bai wuce tafiyar ƙafa ba, amma kamar a bangon duniya suke.

Mun ce "idan akwai", domin kowa ya san asarar da aka riga aka tafka. A shekarar 1989 gobara ta cinye ɗakin ajiyar hotuna da fina-finai na GBC, ta tafi da babban kaso na abin da aka tara tun farkon buɗe tashar. Kafin wannan ma, shirye-shirye da dama kai tsaye ake watsa su ba tare da an ɗauka ba, sannan al'adar gidajen talabijin ce a duk duniya a wancan lokaci su goge tsohon shiri su ɗora sabo a kan kaset ɗin, saboda tsadarsa. Ta ɓangaren fina-finai kuwa, bayan juyin mulkin 24 ga Fabrairun 1966 an bi abubuwan da suka shafi Nkrumah ana lalatawa, sannan a 1996 aka sayar da kashi 70 cikin ɗari na Hukumar Fina-finai ta Gana ga wani kamfanin Malesiya, cinikin da ya haifar da tashar TV3 a 1997, kuma masu sana'ar fim sun daɗe suna kukan yadda aka yi watsi da tsofaffin faifan hukumar bayan cinikin. Abin da ya tsira daga cikinsu galibi wanda aka ajiye a Landan ne, kamar yadda fim ɗin The Eyes of Ghana na 2025 ya nuna, wanda aka yi a kan Chris Hesse, mai ɗaukar hoton Nkrumah, da faifai sama da dubu da ya daɗe yana fafutukar a ceto.

Gobara dai ƙaddara ce, an yi an wuce. Abin da ke gabanmu yanzu wata asara ce da ke tafe a hankali, ba hayaƙi ba ƙara, wadda kuma ba za a iya ɗora wa ƙaddara ba. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sayar da kaset ya san halinsa. Zaren kaset roba ce da aka shafa wa garin ƙarfe da wani irin danko, kuma idan ya daɗe a wuri mai zafi da danshi sai dankon ya saki, zaren ya manne da juna, fumfuna ta hau shi, ranar da aka saka shi a na'ura sai ya tsinke ko ya bar hoton a jikin kan na'urar. Faifan fim shi ma idan ya fara lalacewa wani warin tsami yake yi, daga nan ya ƙanƙance ya karye. Akra kuwa a bakin teku take, iskarta ma gishiri gare ta. Sannan ko da kaset ɗin yana da rai, ina na'urar? Irin su U-matic da Betacam da gidajen talabijin suka yi aiki da su an daina ƙera su, na'urar bidiyo ta gida ma kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe, ya rufe ƙera ta a 2016. Injiniyoyin da suka san gyaransu suna ta yin ritaya, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Tun a 2015 ma'ajiyar fina-finai da sauti ta ƙasar Ostireliya ta yi gargaɗin cewa kaset ɗin da ba a kwafe cikin kwamfuta ba kafin 2025, akwai yiwuwar a rasa shi har abada. Wannan wa'adi ya zo ya wuce, kuma waɗanda suka sa shi suna da ɗakunan sanyi da wutar da ba ta ɗaukewa.

Ba wai GBC ba ta san hanyar ba. Tun daga 2008, da tallafin Ma'aikatar Harkokin Wajen Jamus, aka shiga aikin kwafe tsofaffin faya-fayan garmaho na ɗakin ajiyar rediyonta, har aka fitar da wasu daga cikin waƙoƙin a faifan CD mai suna Ghana Muntie, aka sayar wa duniya. Ga kuma ma'ajiyar J.H. Kwabena Nketia a Jami'ar Legon da ke da ƙwarewa a wannan fanni, ga makarantar koyon fim da talabijin ta NAFTI da aka kafa tun 1978. Ashe abin da aka yi wa sauti za a iya yi wa hoto. Sai dai muna so a fahimci cewa kwafewa rabin aiki ne. Shirin da aka kwashe daga kaset aka zuba a kwamfuta aka sake kulle shi a ofis, sai mai bincike daga Turai da takardar izini ne zai gani, bai amfana wa mai sayar da albasa a Agbogbloshie komai ba. A Faransa, hukumar ajiyar shirye-shiryen rediyo da talabijin ta ƙasar, INA, ta buɗe wa jama'a shirye-shirye kimanin dubu 100 a intanet tun 2006, mafi yawansu kyauta. Babu wanda ya ce a yi dubu 100 a nan. A fara da ɗari.

Akwai kuma maganar haƙƙi. Kuɗin jama'a ne ya gina GBC, kuma dokar lasin talabijin tana nan tun 1966. A 2015 aka ɗaga kuɗin zuwa Sidi 36 a shekara ga mai akwati ɗaya, Sidi 60 ga mai biyu ko fiye, kuma kowa ya tuna irin hayaniyar da ta tashi a farkon 2018 da aka ce an ware kotuna na musamman don hukunta waɗanda ba su biya ba. Mutane sun yi ta tambayar me za su samu a madadin kuɗinsu, alhali tashoshi sun cika gari. Amsar da babu wata tasha mai zaman kanta da za ta iya bayarwa tana cikin ma'ajiyar GBC, domin ita kaɗai ce ta ɗauki hoton ƙasar nan na shekara 30 na farko. Hukumar da ke neman jama'a su biya ta da daɗin rai, ga abin da za ta nuna musu.

Yanzu bari mu juyo kanku, 'yan kasuwarmu na Aflao da Elubo da Paga da Bawku da Sinkase, domin wannan magana ta shafe ku ta fuska biyu. Ta farko, ku ne hanyar. Shekaru da dama ta hannunku kaset ɗin wa'azi da na waƙa da na fina-finan Kano suka riƙa ratsa Kwatano da Lome suna isowa kasuwar Laraba ta Nima, tun daga zamanin kaset na bidiyo, zuwa faifan CD, zuwa yau da yaro mai kwamfuta a bakin tasha ke tura wa mutum fim a memori. Mai zama a ofis yana iya ɗauka cewa da an zuba shiri a YouTube an gama, ya manta cewa matar da ke sayar da waake a Mamobi da direban babbar mota da ke kwana uku a layin kwastan ba su da kuɗin datar da za su kalli wasan awa guda. Ta hannun mai turi suke samu. Saboda haka idan GBC ta tashi fitar da waɗannan shirye-shirye, to ta saka su a intanet don masu hali da 'yan uwanmu da ke Bronx da Hambug da Jidda, amma ta kuma ba masu turi da masu shagunan faifai lasi a kan kuɗi kaɗan da za a iya biya ta momo, ta hannun ƙungiyoyinsu, a ba su kwafi mai kyau mai tambarin hukuma. Wanda ya samu na halal a kusa kuma da araha, ba zai wahalar da kansa neman na sata mai dishi-dishi ba.

Fuska ta biyu ba mai daɗin ji ba ce, amma gara mu faɗa wa junanmu. Satar fasaha ta taimaka wajen karya kasuwar fina-finan Hausa. Masana'antar da ta faro da Turmin Danya a 1990, ta cika shagunan Ƙofar Wambai da Bata a Kano da faifai, ta wayi gari furodusa na fitar da fim yau, gobe a same shi a wayar kowa ba tare da ko kwabo ya koma aljihunsa ba, har ta kai yawancinsu sun tattara sun koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24. Hannun wasu daga cikinmu na cikin wannan ɓarna. Mutanen da suka yi waɗannan tsofaffin wasanni na talabijin kuwa ba attajirai ba ne, an biya su ɗan abin da aka biya su a ranar ɗauka, shi ke nan. Santo ya rasu a 2002, Nkomode da Bob Okala a 2016, Super OD a 2018, kuma sun bar iyali. Dokar haƙƙin mallaka ta Gana ta 2005 ta amince da haƙƙin ɗan wasa a kan aikinsa, akwai kuma ƙungiyar ARSOG da aka ɗora wa karɓar irin wannan kuɗi a madadin masu fim. Duk tsarin da za a yi, a rubuta kason 'yan wasa da magadansu a fili tun kafin a sayar da kwafi ɗaya, kuma ɗan kasuwar da ya karɓi lasi ya san cewa amana ya karɓa.

Wannan ciwo ba na Gana kaɗai ba ne, kuma masu karatunmu da ke zirga-zirga zuwa Najeriya da Nijar sun fi mu sani. Kaduna ta fara talabijin tun 1962, kafin Akra. Ina cikakken Samanja Mazan Fama? Ina Karambana, ina Kuliya Manta Sabo, ina wasannin da CTV ta Kano ta yi bayan Gwamna Abubakar Rimi ya kafa ta, ina na ƙungiyar Yazi Dogo da aka riƙa nunawa a Télé Sahel? Abin da mutum ke cin karo da shi a waya galibi gutsattsari ne da wani ya ɗauka a gida. Kasimu Yero ya rasu a 2017, Usman Baba Pategi a 2023, Karkuzu a 2025 bayan an sha neman masa taimako a bainar jama'a. Idan Gana ta yi abin kirki a wannan fanni, za ta zama hujjar da za a kai wa NTA da takwararta ta Yamai.

Wani abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, ita kanta BBC ta goge shirye-shiryenta masu yawa, ta dawo tana bin duniya tana cigiya. A 2013 aka sanar cewa wani Bature mai farautar tsofaffin fina-finai, Philip Morris, ya gano kashi tara na wasan Doctor Who da aka fid da rai da su, a wani ɗakin ajiya na gidan talabijin a Jos. Nan take aka gyara su aka sa a kasuwa, mutane suka saya. Turawa sun zo har Jos sun tono nasu, namu kuwa yana nan a irin waɗannan ɗakuna ƙura na binne shi.

Darasin Jos shi ne abin da ya ɓace a hedkwata yana iya kasancewa a wani lungu. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 na'urar bidiyo ta shiga gidajen zango, ta hannun alhazai da 'yan uwa da ke dawowa daga Legas da Jamus da Saudiyya, kuma mutane da yawa sun riƙa ɗaukar abin da ake nunawa a talabijin don su aika wa nasu da ke waje. Mutanen Lome ma suna kama tashar Gana. Ko shakka babu akwai kaset a ƙarƙashin gado da cikin tsofaffin akwatunan ƙarfe a Nima da Mamobi da Madina da Ashaiman da zangon Kumashi, wasu an ɗora bikin aure ko suna a kan rabinsu, sauran rabin kuma labaran Hausa ne na wata rana a 1987. Muna roƙon iyalai kada su zubar da su idan ana share ɗakin mamaci, kada kuma su gwada saka su a tsohuwar na'ura mai tsatsa, domin sau ɗaya za ta tauna zaren. A ajiye su a tsaye, a wuri mai sanyi da bushewa, nesa da lasifika. Gidajen rediyon unguwa da majalisun sarakunan zango da kwamitocin masallatai za su iya buɗe rajista, a rubuta sunan mai kaset da abin da ake zaton yana ciki, a kwafe, a mayar masa da abinsa tare da kwafi a memori. Asusun Raya Zango da aka kafa bisa dokar 2017 an yi shi ne har da batun al'adu, kuma kuɗin na'urori biyu ko uku da albashin matasa kaɗan bai kai na kwalbati guda ba.

Muna da sharaɗi guda da muke so a kiyaye, wato kada a tace tarihi da rariyar jam'iyya. A cikin labaran da aka ɗauka akwai masu ɗaci: dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a watan Nuwamban 1969 da ta raba iyalai da dama a zanguna, da abubuwan da suka faru a kasuwanni a 1979, da dawowar 'yan Gana kusan miliyan guda daga Najeriya a 1983 ta kan iyakar Aflao da tashar jirgin ruwan Tema. Jikokin waɗanda abin ya shafa suna da haƙƙin su gani da idonsu. Idan aka bar wa gwamnatin da ke ci ta zaɓi abin da za a fitar, wadda za ta gaje ta ita ma za ta zaɓi nata.

Don haka muna kira ga shugabannin GBC da Hukumar Kula da Kafofin Watsa Labarai ta Ƙasa da 'yan majalisar da ke wakiltar Ayawaso da su fara da abu mafi sauƙi, wanda ba ya buƙatar tallafin kowace ƙasar waje: a buga jerin abin da ya rage a ma'ajiya, shiri nawa, na wace shekara, da wane harshe, kuma a wane hali kaset ɗin yake. Ranar 27 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce ranar da UNESCO ta ware don tunawa da kayan tarihi na sauti da hoto. Muna sa ran kafin ta sake zagayowa jerin ya fito, tare da kashin farko na shirye-shiryen da za a kalla a gida, kuma a cikinsu a samu na Hausa.